Darasi na 9: Hoton ciki tun yana ƙarami

'Yan uwa mata, darasin yau sai an zauna da kyau, don akwai karatu akwai lissafi, kuma akwai wasu haruffan boko da za mu koya waɗanda ake rubutawa a takardar sikanin, wato hoton ciki. Wacce take da tsohuwar takardar sikanin a gida ta zo da ita aji, da ita za mu yi aiki.

Mu fara da abin da muka saba. Mace ta ga wata ya wuce ba ta ga al'adarta ba, ga laulayi ga tsartar da yawu ga ƙin warin girki, ta san dai an samu, amma sai ta yi shiru musamman in cikin fari ne saboda kunya, ba za ta je awo ba sai ciki ya fito ya kai wata biyar ko shida, wai kar a ce ta cika zumuɗi. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna mata 18 ne kacal cikin 100 suke fara zuwa awo a watanni ukun farko. To kuma a waɗannan watannin ne hoton ciki ya fi faɗin gaskiya a kan wasu abubuwa, in lokacin ya wuce ya wuce.

Menene shi sikanin ɗin

Na'ura ce mai aiki da sauti, wani irin sauti ne da kunnen mutum ba ya ji. Za ki kwanta a gado ki ɗaga riga daidai mara, a shafa miki wani abu mai yauƙi mai sanyi kamar kamu, sai a ɗora wani ɗan abu mai kama da kan tocila ana zagayawa da shi a kan marar, sautin ya shiga ya bugi abin da ke ciki ya dawo, sai hoto ya fito a allo baƙi da fari. Ba allura, ba yanka, ba zafi, sai ɗan dannawa. Kuma ba irin hoton ƙashi ba ne da ake hana mai ciki, wannan daban wancan daban, don na sha jin mata na cewa wai hasken yana ƙona jariri ko yana sa a haifi yaro da tawaya, wallahi babu wannan maganar, an shafe shekaru da dama ana amfani da shi a kan masu ciki a duniya.

In cikin ƙarami ne za a ce ki sha ruwa kofi biyu ko uku ki riƙe fitsari, don in mafitsara ta cika tana taimakawa a ga mahaifa sosai. Riƙon fitsarin nan a kan layi shi ne wahalar, ki daure. Wani lokaci kuma in cikin bai wuce sati shida ko bakwai ba, ta saman mara ba a gani da kyau, sai a ce za a duba ta gaba da wani siririn abu da aka sa wa riga mai tsafta. Wannan sai da yardarki, kina da damar ki ce mace kike so ta duba ki, ko a bar 'yar rakiyarki ta tsaya kusa da ke, ba rashin kunya ba ne faɗin haka.

Ungozomarki da maganar na'ura

Mafi yawanmu awo a ƙaramin asibitin unguwa muke yi, wajen ungozoma ko jami'ar lafiya, kuma yawancin irin waɗannan wurare ba su da na'urar sikanin, wasu suna da ita amma ba wuta ko ba wanda aka horar ya yi aiki da ita. Wannan ba ya nufin awon wurin ba shi da amfani. Ita ungozoma ita ce za ta gwada hawan jini, ta gwada fitsari da jini, ta ba ki ƙwayar ƙarin jini da folik asid, ta yi miki allurar tetanus, ta ba ki maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro in lokacinsa ya yi, sikanin ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da za ki yi shi ne ki tambaye ta da bakinki tun zuwan farko. Ga yadda za ki ce, mu karanta tare da ƙarfi:

"Sista, dan Allah yaushe ya kamata in yi hoton ciki, kuma ina za ki tura ni?"

"To Maman yara, ga takarda nan, ki kai babban asibiti, in an yi ki dawo min da sakamakon in gani in rubuta a katinki."

Kalmar nan ta "ki dawo min da sakamakon" ku ja mata layi. Mata da yawa za su je su biya kuɗi a yi hoton, mai na'ura ya ce "lafiya lau" su naɗe takardar su jefa a ƙasan akwati, ungozomar da za ta karɓi haihuwar ba ta taɓa gani ba. Ki tambayi kuɗin tun kafin ki tafi don farashi ya bambanta tsakanin asibitin gwamnati da na kuɗi, ki tambayi ranar da ake yi da ƙarfe nawa ake karɓar kati, kar ki kashe kuɗin mota a banza. Maigida ma a karanta masa wannan wurin, don kuɗin motar da izinin fitar daga wajensa suke.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ta ba da shawarar kowace mai ciki ta samu sikanin sau ɗaya kafin ciki ya kai sati 24, kuma ta ga ma'aikaciyar lafiya aƙalla sau 8, na farko kafin sati 12 ya wuce. Kun ji dai, sau ɗaya aka ce in komai lafiya. Ba wai kowane wata a je a ɗauko hoto ba, in kuɗin ba yawa gara a yi guda ɗaya a kan lokaci, sauran a sayi ƙwai da ganye da wake.

Abin da hoton farko yake nunawa

Na ɗaya, ina cikin ya zauna. Ciki a cikin mahaifa ya kamata ya zauna, amma a cikin kowane ciki 100 ana samun ɗaya ko biyu da yake maƙalewa a hanya, a cikin siririn bututun da ƙwai ke bi ya gangaro mahaifa. Wannan ciki ba zai taɓa rayuwa ba, kuma in ya girma bututun fashewa yake yi jini ya zuba a cikin cikin mace ba a gani daga waje. Ungozoma komai ƙwarewarta ba za ta gano wannan da hannu tun da wuri ba. Akwai wata maƙwabciyarmu da ta yi kwana uku tana ciwon mara gefe ɗaya, ana ta jiƙa mata kanwa ana cewa laulayi ne, sai da ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu tana tuƙa tuwo, leɓenta ya yi fari fat, sannan aka nemo Keke Napep. Allah ya yi da sauran kwana, an yi mata tiyata an ƙara mata jini ta tashi. Har yau in na tuna fuskarta a ranar sai jikina ya yi sanyi. Don haka in kin yi ɓatan wata sai kika ji ciwon mara mai tsanani musamman gefe ɗaya, ko ɗigon jini, ko jiri kamar za ki faɗi, ko ciwo a saman kafaɗa, ba ranar awo za ki jira ba, babban asibiti za a kai ki a ranar ko da tsakar dare ne.

Na biyu bugun zuciya, ana fara ganinsa wajen sati 6 zuwa 7, ɗan abu ne yana ƙyaftawa a allo. In kin je da wuri sosai aka ce ba a ga komai ba sai jaka, kar hankalinki ya tashi kuma kar ki yarda wani mai kemis ya ba ki maganin wankin ciki, sau da yawa lissafin kwanakin ne bai yi daidai ba, ana cewa a dawo bayan sati ɗaya ko biyu a sake dubawa. Haka maganar da muke yi ta "ciki ya kwanta", mace ta yi watanni ciki ba ya gaba ba ya baya ana ta neman maganin tayar da shi. A je a duba, wani lokaci abin da ke ciki ya riga ya daina rayuwa ne bai fita ba, wani lokaci ma ba ciki ba ne ƙari ne a mahaifa, kuma duk biyun suna buƙatar likita.

Sannan hoton yana nuna ko tagwaye ne, wanda sanin hakan da wuri zai sa ungozoma ta tsara miki haihuwa a inda akwai likita da jini.

Sai babban amfaninsa, wato sanin kwanakin ciki. Mu da yawa ba ma rubuta ranar al'ada, sai dai a ce "bayan ƙaramar sallah ne", wata kuma tana goyo al'adar ba ta ma dawo ba ta samu ciki, to daga ina za a fara ƙirga? A watanni ukun farko duk 'yan tayin da kwanakinsu suke daidai kusan girmansu ɗaya ne, shi ya sa in aka auna tsawon ɗan tayi daga kai zuwa mazauni tsakanin sati 8 da 13, lissafin ba ya kaucewa fiye da kwana biyar zuwa bakwai. In aka bari sai wata takwas, kuskuren yana iya kai sati uku, don a lokacin wani yaro ƙato ne wani ƙarami. Kuma sati uku ba wasa ba ne ranar da ake son a san ko naƙudar nan ta bakwaini ce, ko kuwa ciki ya wuce lokaci ne ana buƙatar a taimaka.

Maganar mace ce ko namiji, a hoton farko ba a gani, sai wajen sati 18 zuwa 22, lokacin da ake duba gaɓoɓin yaro da inda mabiyiya ta zauna, kuma ko a lokacin ana yin kuskure, kar a je a ɗinko kaya.

Mu karanta takardar

Ku ɗauko takardunku. Nemo haruffa uku LMP, wannan ita ce ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara, ranar farawa fa ba ranar wanka ba. Sai GA, shi ne kwanakin ciki, za ki ga an rubuta kamar 12w 3d, harafin w sati ne, d kuma kwana, wato sati 12 da kwana 3. Sai EDD, ranar da ake sa ran haihuwa. Sa rai ne kawai, Allah ne masani, yara kaɗan ne ke zuwa a ainihin ranar, daga sati 37 zuwa 42 duk lokacin haihuwa ne.

Ciki sati 40 ne, kwana 280 daga ranar LMP. Ga yadda ake lissafi da watannin boko: ki ƙara kwana 7 a kan ranar, sannan ki ƙirga wata 9 gaba. In al'ada ta fara 10 ga Janairu, ƙara 7 ya zama 17, wata tara gaba Oktoba kenan, EDD 17 ga Oktoba.

Yanzu kowacce ta buɗe littafinta ta lissafa EDD na matar da al'adarta ta fara 3 ga Maris, sannan ta rubuta da kalmomi abin da 9w 5d yake nufi. Aikin gida kuma, ki samu kalanda ki rataya a ɗaki inda ke kaɗai kike gani, ki zagaye ranar da al'adarki ta wannan watan ta fara, kuma ki rubuta a bayan littafinki sunan wuri mafi kusa da ku da ake yin sikanin da ranakun da suke yi, in ba ki sani ba ki tambayi ungozomar unguwarku kafin ajin mako mai zuwa.