Kafin ka tofa yawu a kwalba: shawara ga sabon zuwa Amurka

Ba za ka yi wata shida a ƙasar nan ba sai wani ya yi maka maganar gwajin DNA. Ni wata abokiyar aiki ce ta fara yi mini, baƙar fatar Amurka, mai kimanin shekara sittin. Da ta ji na ce ni Bahaushe ne sai ta ajiye cokali, ta lalubo waya, ta nuna mini hoton wata takarda da ke cewa tsatson mahaifiyarta ya yi daidai da na Hausawa. Kamfanin African Ancestry ne ya ba ta, wanda Rick Kittles da Gina Paige suka kafa a 2003. Ta riƙe hannuna tana neman in koya mata gaisuwa. Na koya mata "sannu" da "ina kwana", na koma gida ina jin kunya, domin ita ta biya kuɗi tana neman abin da ni nake da shi a banza, kuma ko sunan kakan kakana ban iya kawowa ba.

Idan sha'awar ta kama ka kamar yadda ta kama ni, shawarata ita ce kada ka fara da sayen kwalbar gwajin, wadda ake tofa yawu a ciki a aika wa kamfani. Fara da zuwa inda ake koyar da abin.

Taro mafi girma shi ne RootsTech, wanda ake yi tun 2011 a birnin Salt Lake City na jihar Utah, a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Akwai sanyi a lokacin, ka tafi da rigar kirki, kuma a 2025 cikin azumi ya faɗo, sai ka duba kalanda kafin ka sayi tikiti. Wanda bai da kuɗin jirgi da otal yana iya bin darussan ta intanet kyauta. FamilySearch ke shirya shi, ita kuwa ta cocin da aka fi sani da Mormon ce. Mutane ne masu karɓar baƙo, ba wanda ya matsa mini da wa'azi, amma ka san cewa tattara sunayen magabata yana da tushe a addininsu, suna yi wa kakanninsu da suka rasu baftisma a madadinsu. Bishiyar zuri'a da ke shafinsu kuma ɗaya ce ta kowa da kowa, sunan mamacin da ka saka kowa na iya gani, har ya gyara. Akwai kuma taron shekara-shekara na ƙungiyar AAHGS, ta masu binciken asalin baƙaƙen Amurka, wadda aka kafa a 1977. Bai kai wancan girma ba, amma a can ne za a fi jin daɗin ganinka.

A zauren taron za ka tarar da rumfunan kamfanoni, Ancestry da MyHeritage da FamilyTreeDNA, kowa ya karya farashi. Kwalbar da ake sayarwa kusan dala 100 sai ka same ta da rangwame mai yawa. Ka daure ka wuce su a ranar farko, ka shiga ajin 'yan koyo. A nan za ka ji cewa gwajin iri uku ne. Akwai na gama-gari, mai duba abin da ka gada ta uwa da ta uba, shi ne ke nemo maka dangi, amma ƙarfinsa ba ya wuce kakanni biyar zuwa shida. Akwai na Y, na maza kawai, yana bin uba da uban uba har can baya. Sai na layin uwa, mai bin uwa da uwar uwa. Waɗannan biyun suna zuwa da nisa sosai, sai dai kowanne zare ɗaya tak yake bi a cikin tabarma.

Abin da ya fi ruɗa mutanenmu shi ne taswirar nan mai launi da ke zuwa da sakamakon, wadda ke cewa kashi kaza Najeriya, kashi kaza Mali, kashi kaza Kamaru. Ƙiyasi ne. Ana kwatanta ka da mutanen da kamfanin ya riga ya gwada, kuma yawancin waɗanda suka yi gwajin nan Turawa ne, mutanen Kano da Damagaram kaɗan ne a rumbunsu. Shi ya sa idan suka sabunta lissafi sai ka wayi gari kasonka ya canza, alhali kai ba ka canza ba. Kwalba ba za ta ce maka kai Bagobiri ne ko Bakatsine ba, ba za ta ce gidanku Sulluɓawa ne ba, ba kuma za ta tabbatar maka da labarin Bayajidda ba. Hausa harshe ne da zama wuri ɗaya da auratayya ta ɗaruruwan shekaru, Fulani da Barebari da Buzaye da Nufawa duk sun shiga ciki. Wani kuma zai ga an rubuta masa R1b, wato sunan layin ubansa, a gwajin Y, ya bincika ya ga shi ne ya fi yawa a yammacin Turai, ya fara cewa ashe kakansa Bature ne. Reshen R1b da ake kira V88 daɗaɗɗe ne a yankin tafkin Chadi da kewaye, ya yi dubban shekaru a can kafin wani Bature ya taka Lakwaja.

Inda amfanin yake shi ne jerin dangi. Ana auna kusanci da wani ma'auni da ake rubutawa cM. Tsakanin uba da ɗa wajen 3,400 ne, 'yan uwa ɗaya uba ɗaya wajen 2,600, 'yan uba wajen 1,750, ɗan baffa ko ɗan kawu kuwa wajen 850. A nan ne darasin Bature yake gaza mana, sai ka ɗaga hannu ka yi tambaya. Misalansu na gidan mace ɗaya ne, mu kuwa gida mai ɗaki huɗu ba baƙon abu ba ne, kuma adadin da ke nuna ɗan uba shi ne dai ke nuna baffa ko kaka, na'ura ba ta iya rabewa sai ka kawo shekaru. Auren zumunci ma yana kumbura lissafi: idan iyayenka 'yan wa da ƙani ne, wanda ke nesa sai ya fito kamar na kusa. Ka nemi duk darasin da aka ce na al'ummomi masu auren dangi ne, ko da misalan na Yahudawan Turai ne, matsalarmu iri ɗaya ce da tasu.

Za ka ga kuma dangi na nesa a jihohin kudancin Amurka ko a Brazil, masu ɗan ƙaramin cM. Kada ka yi mamaki. An kai Hausawa bayi da yawa Bahia ta Brazil a farkon ƙarni na 19, har suka ƙulla bore a 1807, aka tono shi kafin ya tashi. Idan suka rubuto maka, ka amsa, ka faɗi garinku da abin da ka sani, kada ka ƙirƙiro musu sarauta don ka faranta musu.

Yawunka ba naka kaɗai ba ne, yana ɗauke da sirrin babanka da 'yan uwanka, su kuwa ba a tambaye su ba. Gwajin nan ya sha tono ɗan da ba a san da shi ba. A wurinmu maganar nasaba ba ta wasa ba ce, a shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma sakamakon waya ba hujjar da za ka jefa a zauren WhatsApp na dangi ba ce. Idan ka ga abin da ya ɗaure maka kai, ka yi shiru tukuna, ka nemi malami mai hankali. Bayanan kuma ba a hannunka suke kwana ba. A 2018 'yan sandan California sun kama wani mai kisan kai da aka daɗe ana nema, Joseph DeAngelo, ta hanyar bayanan danginsa na nesa da ke shafukan neman dangi irin su GEDmatch. Kamfanin 23andMe ya shigar da takardar karyewa a Maris 2025, mutane suka yi ta rububin goge nasu. Dokar GINA ta 2008 ta hana mai ɗaukar aiki da inshorar lafiya amfani da sakamakonka, amma ba ta shafi inshorar rai ba. Ka shiga saitin asusunka tun ranar farko ka zaɓi wanda zai gan ka.

Kada kuma ka haɗa wannan da gwajin da ofishin jakadanci ke nema idan kana son kawo 'ya'yanka. Wancan sai ta ɗakin gwaji mai shaidar AABB, ƙungiyar da ke tantance irin waɗannan ɗakunan, kwalbar kasuwa ba ta shiga. 'Yan uwanmu na Faransa su lura, a can dokar ta hana irin wannan gwajin na sha'awa, tararsa yuro 3,750.

Idan ka yanke shawarar yi, kada ka ci, kada ka sha, kada ka tauna goro na rabin awa kafin ka tofa, sakamako kuma sai ka jira makonni. Ni nawa na farko dawo mini da shi aka yi saboda shayin da na kurɓa. Kafin ka tafi taron, ka kira gwaggo ko inna mafi tsufa a gidanku, ka ce ta yi maka saƙon murya: sunan yanka da laƙabin kowane kaka, daga wane gari aka taso, wa ya auri wa, ɗakin wa aka haifi wa, wace irin tsaga ce a fuskar kaka. Ka rubuta shi a takarda, ka saka a aljihun rigar sanyin, domin mai taimaka maka a tebur shi zai fara tambaya.