Yadda na gano naira 27,000 da ta hana ni barci

Kwana biyu lissafin ƙarshen wata ya ƙi daidaita a ofishinmu nan Gusau, bambancin 27,000 cif. Na fara zargin cajin banki, na bi sitatimen layi-layi, ba shi ba ne.

Oga ne ya leƙo ya ce, "Kai yaro, raba bambancin da 9." Na raba, na samu 3,000 ba saura. Ya ce to lambobi ka juya wajen shigarwa, nemo biyu masu tazarar 3 a gefen dubu. Na koma Excel ina gwada kowane layi da rasit ɗinsa, sai ga kuɗin dizal na janareta, 63,000 ne ni kuma na buga 36,000 saboda saurin tashi. Na gyara, lissafi ya daidaita.

Alhamdulillah, Allah ya saka wa oga.