Yadda ake juya ma'aunin fili tsakanin fuloti, eka da hekta

Duk wanda zai sayi gona ko fili ya kamata ya fara mayar da kowane ma'auni zuwa murabba'in mita, domin shi ne ake rubutawa a takardar safiyo, kuma ba ya sauyawa da bakin dillali. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Eka ɗaya kuwa murabba'in mita 4,047 ce, saboda haka hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi.

Fuloti shi ne mai rikitarwa, tunda da ƙafa ake auna shi, kuma girmansa ya danganta da gari. Wanda aka fi sani a Arewa shi ne mai ƙafa 50 da ƙafa 100, alhali a Legas an saba da mai ƙafa 60 da 120. A ninka tsawo da faɗi, sannan a ninka abin da ya fito da 0.0929 domin a samu murabba'in mita. Hamsin da ɗari zai ba da murabba'in ƙafa 5,000, wato kimanin murabba'in mita 465. A lissafi eka ɗaya ta kusa fuloti tara irin wannan, amma idan aka fitar da hanyoyi da magudanar ruwa, adadin yakan ragu.

A ɗauki gona mai ƙafa 200 da 300. Ninkawa ta ba da 60,000, wanda ya zama murabba'in mita 5,574. Idan aka raba da 4,047 za a samu eka 1.38, idan kuma aka raba da 10,000 za a samu hekta 0.56.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne zaton cewa ɗari da ɗari ninki biyu ne na hamsin da hamsin, alhali ninki huɗu ne. Haka nan kalmar kadada, wadda wasu ke nufin eka da ita, wasu kuma hekta. Sai a tambayi mai sayarwa wacce yake nufi tun kafin a fara ciniki. Awo da taku kuwa kimanto ne kawai, domin takun dogo ba na gajere ba ne, saboda haka a ja tef a gaban shaidu kafin a biya kuɗi.