Ruwan kifinku ya yi duhu? Ga abin yi

Masu tambayata ta WhatsApp daga Samaru zuwa Sabon Gari, wai ruwan akwatin gilashin kifinsu ya gurɓace, kifaye na ta hawa sama suna haki, ku bi wannan a jere.

1. A daina ba su abinci kwana 2. Yunwa ba za ta kashe su ba, ragowar abincin da ke ruɓewa a ƙasa shi ne matsalar.

2. A tsame duk wanda ya mutu.

3. A tari ruwan famfo a bokiti ya kwana, saboda kulorin ɗin ciki, wato sinadarin da ake tsaftace ruwan famfo da shi, ya fita.

4. A zuƙe kashi 1 cikin 4 na tsohon ruwan da siririn tiyo, daga ƙasa inda kashin kifayen ya taru. Nan ake kuskure! Kar a juye ruwan duka, kuma don Allah ban da Omo ko sabulu, ko kaɗan ne guba ne gare su.

5. A matse soson filta, wato matatar ruwan akwatin, cikin ruwan da aka zuƙe, ba a bakin famfo ba, don akwai ƙwayoyin halitta masu amfani a jikinsa da ke cinye ammoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, in suka mutu an koma gidan jiya.

6. A zuba sabon ruwan a hankali. Lokacin hunturun Zariya a taɓa da hannu tukuna, kar ya fi na ciki sanyi.

7. A rage cunkoso. Tarwaɗa ba ta zama da ƙananan kifayen ado da ake kira gofi, haɗiye su take da dare.

8. In an ɗauke wuta, a jona famfon iska mai batir.