Kurakuran da aka fi yi wajen sa lesa ta bi kaya daidai inda yake

Injin lesa mai buga rubutu a jikin kayan da ke tafe a kan bel, abu ɗaya ake nema daga gare shi: ya san inda kayan yake yanzu, ba inda yake ɗazu ba. Ƙananan madubai biyu ke karkata hasken, gilashin da ake kira f-theta ya tattara shi a kan filin da ake rubutun, kamara da enkoda (na'urar da ke ƙidaya tafiyar bel) kuma su gaya wa katin sarrafawa yadda kayan ya zauna da irin gudun da yake yi. Da rubutu ya kauce, yawancinmu sai mu buɗe manhaja, mu ƙara rabin milimita nan, mu rage can. Kuskuren farko ke nan, kuma shi ke binne sauran. Yanayin kaucewar shi ke nuna inda ciwon yake, don haka a dube shi tukuna.

In kaucewar tana bin hanyar bel, tana kuma ƙaruwa duk lokacin da aka ƙara gudu, to matsalar lokaci ce. Tsakanin ɗaukar hoto da juyawar madubi akwai jinkiri: a tura hoton, a yi lissafi, a aika umarni, madubin ma da nauyinsa. Bel mai gudun milimita 500 a sakan, jinkirin milisakan 2 kacal ya ishe shi ya gusar da kaya milimita 1. Wanda ya toshe wannan da adadi tsayayye zai ga aiki ya yi kyau yau, gobe a sauya gudu a koma gidan jiya. Gwajin ba wuya. Buga alama a gudu biyu: in ta kauce da milimita 0.4 a gudun 200, ta kauce da 0.8 a gudun 400, jinkirinka milisakan 2 ne, sai a shigar da shi a matsayin lokaci, ba tazara ba. Abin da ya fi shi ne siginar da ke sa kamara ɗaukar hoto ta zama ita ce ke kama ƙidayar enkoda nan take, ta waya kai tsaye zuwa katin. Kada a bar wa kwamfuta mai Windows wannan aikin. Ba a gina ta don cika alkawarin milisakan ba.

Enkodar kanta ana yawan ɗaura ta a jikin motar da ke jan bel don ya fi sauƙi. Amma bel yana sulɓewa, yana miƙewa, motar kuwa ba ta da labari. Za ka gane haka in da'ira ta fito kamar ƙwai, ko haruffa suka matse. A sa tayar aunawa a kan bel ɗin, kusa da wurin aiki, a riƙa goge mata ƙura. Ƙidaya nawa ke cikin milimita ɗaya, a auna a kan doguwar tazara, kada a tsaya ga abin da takarda ta ce.

Sai juyawa, inda na fi ganin ƙwararru suna tuntuɓe. Alama ɗaya da kamara ke gani a jikin kaya gusawa kawai take nunawa. Sai da biyu, masu nisa da juna, ake sanin karkata. Digiri 1 ba ya cika ido, amma a nisan milimita 100 ya zama kusan milimita 1.75. Ko an sami kusurwar, saura a tambaya: a kan wane ɗigo ake juya zanen? In manhaja tana juya shi a kan tsakiyar filin madubi, alhali an yi lissafin a kan tsakiyar kayan, zanen zai karkata daidai amma ya sauka wani wuri. Akwai kuma ɗan tarkon da ya taɓa cinye mini yini guda: a hoton kamara ƙidayar Y, wato ta sama da ƙasa, ƙasa take yi, a filin madubi kuwa galibi sama. Gyaran da ya kamata ya share kuskure sai ya ninka shi biyu. In ka ga haka, juya alamar ɗebewa, kada ka zargi injin.

Wani lokaci tsakiyar fili lafiya lau, gefe ne ke ɓaci. Madubai biyu da gilashi suna lanƙwasa fili, shi ya sa kowane gilashi yake da fayil ɗinsa na gyara. A sauya gilashi a manta da fayil, murabba'i ya koma kamar matashin kai. In kamara tana leƙe ta cikin gilashin da lesar ke bi, a tuna ita hasken da ido ke gani take amfani da shi, lesar faiba kuwa tsawon zangon haskenta nanomita 1064 ne, wanda ido ba ya gani, gilashin ba ya lanƙwasa su daidai da juna. Maganin shi ne a ƙona layukan ɗigo a duk faɗin filin, kamara ta auna ainihin ƙunar. Tsayin kaya ma yana shiga nan: inda haske ke sauka a karkace da digiri 20, bambancin tsayi na milimita 1 yana gusar da ɗigo kusan milimita 0.36.

Kada adadin da ke kan takarda ya ruɗe ka. Tsarin XY2-100, wanda kati ke aika wa madubai umarni da shi, yana raba kowane gefe na fili kashi 65,536, wato ƙasa da maikromita 2 a filin milimita 110. Wannan ƙanƙantar taku ce kawai. Madubai suna ɗan gusawa yayin da suke ɗumi, alminiyam kuma yana miƙewa kusan maikromita 23 a kowace mita kan kowane digiri na zafi. Saitin da aka yi wa inji mai sanyi da safe ba lallai ya kai rana ba. A kunna shi ya ɗauki zafin aiki kafin a auna.

In kuma harafin ƙarshe ne ke yankewa a kan bel mai gudu, kayan ne ya fice daga fili kafin a gama. A sake jerin aikin, a fara da ɓangaren da zai riga fita.