Yadda za a ƙara wurin ajiya a garejin gida

A Maradi gareji ba na mota ba ne kawai. Nan ake jibge buhun gero da wake, jarkokin mai, janareto da tsofaffin tayu. Kafin a sayi komai, a shigar da motar, a buɗe ƙofofinta duka, a zana iyakarsu a ƙasa da alli. Ɓangaren direba yana son fili na santimita 80 zuwa 90. Abin da ya rage shi ne wurin ajiya, kuma galibi bangon ƙurya ya fi ba da shi.

Sai a duba bango. In na laka ne, kada a rataya masa nauyi, ƙusa tana sakin jiki da zarar damina ta jiƙa shi. Bulon siminti mai rami ma yaudara gare shi: ana huda shi da sauƙi, amma kanta mai nauyi sai ta fizgo ƙusar da robarta. Shi ya sa kanta mai tsayuwa da ƙafafunta ta fi, a ɗaure samanta kawai da bango don kada ta kife.

Ga awon da za a ba mai walda: tsawo santimita 150, faɗi 40, tsayi daga ƙasa zuwa sama 180, hawa 4, da ƙarfe mai kusurwa na milimita 40. Sandar tana zuwa mita 6. Lissafi ya ce mita 22 da ɗoriya, amma a sayi sanda 5, domin yanka yana cin ƙarfe, ragowar kuma a gitta ta a baya don hana girgiɗi. Kowane hawa a sa masa tokara a tsakiya, in ba haka ba katakon da za a shimfiɗa mai kaurin milimita 15 zai lanƙwashe cikin watanni. A shafa fentin hana tsatsa kafin a ɗora katako. Hawan ƙasa ya tashi santimita 15 daga daɓe saboda ruwan da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, kuma don a riƙa ganin hanyar gara da wuri. Masu nauyi irin su batir da jak su zauna ƙasa.

Ƙurar hunturu ba ta barin kwali, gara ma ba ta barinsa. A yi amfani da bokitai masu murfi, a rubuta abin da ke ciki.

Batun mai shi ne wanda ba na son a yi wa sakaci. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka. Jarkar fetur tana kumbura, tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske tartsatsi. Kada a cika jarka maƙil, a ajiye ta a inuwa kusa da mashigar iska, nesa da janareto da soket. Janareton kansa ba a tayar da shi cikin gareji a rufe, hayaƙinsa yana kisa.

Hatsi yana ɗaukar warin mai, don haka a kai shi ɗaya ɓangaren, a kan katakai, da tazarar taƙi ɗaya daga bango.