Yadda Ake Gabatar da Sakamakon Binciken Ra'ayin Masu Amfani da Manhaja a Jadawali da Zane

Kafin ka zana komai, ka fara tantance tambayar da kake son kowane zane ya amsa, sannan ka sa amsar a matsayin takensa. "Yawancin masu amfani sun kasa gano maɓallin biya" ya fi "Tambaya ta 4" amfani nesa ba kusa ba.

Jadawali ya dace da inda ake buƙatar ainihin alƙaluma, shi kuwa zanen sanduna, wanda William Playfair, wani masanin tattalin arziki ɗan Scotland, ya fito da shi a 1786, ya fi sauƙaƙa kwatantawa. Ka jera sandunan daga mafi tsawo zuwa mafi gajarta, kuma lallai ma'auninsu ya fara daga sifili, domin yanke gindinsa yakan mayar da ɗan bambanci ya zama babba a ido. Zanen da'ira kuwa, wato wanda ake yanka da'ira gida-gida, a ganina, a bar shi sai in gidajen ba su wuce uku ba.

Amsoshin ma'aunin Likert, wato zaɓin amsa masu nuna matakin yarda, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "sam ban yarda ba", sun fi fitowa a sanda guda da aka rarraba da launuka, tare da launin toka ga 'yan ba-ruwanmu a tsakiya.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓoye adadin waɗanda suka amsa. Idan mutum 12 ka tambaya, rubuta "9 cikin 12", kada ka ce kashi 75 cikin ɗari. Ka kuma sanya ainihin lafazin tambayar a ƙarƙashin zanen.